Tanka a Hanyar Kano: Lasisi Yana Aljihu, Ilimin Kayan Fa?

Mazaunin Nassarawa GRA zai iya shekara guda bai tuna cewa tankokin mai na kewaya unguwarsa dare da rana ba. Cikin unguwar bishiyoyi ne da dogayen katangu, ga Gidan Gwamnati, ga filin sukuwa, ga Asibitin Nassarawa, ga titin Ahmadu Bello da na Audu Bako. Amma da an ɗan miƙa gabas an isa Hotoro, inda defon NNPC yake a bakin titin Maiduguri. Da an yi arewa kuma an faɗa titin Haɗeja, mai fitar da kaya zuwa Jigawa da Yobe, hanyar Baifas ta gabas ta ɗaure su biyun. Duk fetur ɗin da ke cikin motocin unguwar, da gas ɗin da janaretocin ofisoshinta da otal-otal ɗinta ke sha, a bayan tanka suka iso, yawancinsu daga bakin teku, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye.

A kan wannan hanya ta Haɗeja aka yi musibar da Arewa za ta daɗe ba ta manta ba. A daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, wata tanka maƙare da fetur ta bar Kano za ta Nguru a jihar Yobe. Da ta isa Majiya, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, daura da Jami'ar Khadija, sai ta ƙwace wa direbanta ta kife. Mai ya kwarara cikin kwata, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, 'yan sanda suka yi ta kora amma jama'a suka fi ƙarfinsu. Wuta ta tashi. Washegari aka yi jana'izar fiye da mutum 100 lokaci ɗaya, aka rarraba masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, wasu aka kawo su Asibitin Malam Aminu Kano. Kwamitin da Gwamna Umar Namadi ya kafa ya ƙirga mamata 209.

Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairun 2025, wata tankar mai lita 60,000 ta faɗi a mahaɗar Dikko da ke jihar Neja. Ana cikin ƙoƙarin juye man zuwa wata tankar da taimakon janareta wuta ta kama, kusan mutum 100 suka rasu.

Bayan kowace irin wannan gobara, magana ɗaya ce ke cika gidajen rediyo da huɗubobin Juma'a: kwasar ganima. Malamai su ja kunne a kan ɗibar dukiyar da ba taka ba, wasu su ɗora wa talauci da tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai akwai tambayar da ta riga waɗannan, kuma ba a cika tsayawa a kanta ba: me ya kifar da motar tun farko? Wanda ke riƙe da sitiyarin, wa ya jarraba shi ya tabbatar ya san halin abin da ya ɗauko?

Yadda bututu ya koma taya

Ba haka aka tsara Kano ta riƙa samun mai ba. An buɗe matatar Kaduna a 1980, aka shimfiɗa bututu daga can ya bi ta Zariya ya zo Hotoro, da reshe zuwa Gusau, wani kuma zuwa Jos da Gombe da Maiduguri. Aikin tanka a wancan tsari gajere ne: ta ɗauka a defo ta kai gidan mai a cikin gari ko a jihar maƙwabta, direba ya kwana cikin iyalinsa. Da matatar ta durƙushe, masu fasa bututu kuma suka yi wa layin illa, sai aka koma dakon mai a mota tun daga Apapa da Warri da Fatakwal da Kalaba, ana biyan kuɗin dakon ta asusun daidaita farashin mai da aka kafa tun 1975. Abin da aka ɗauka na wucin gadi ne ya zauna daram. Matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a Satumban 2024 a Lekki take, kuma man nata ma a kan taya yake zuwa Arewa. A 2025 kamfanin ya sanar da shigo da manyan motoci 4,000 masu amfani da iskar gas don rarraba shi, kowace ɗaya tana neman direba.

Da tafiya ta yi nisa, masu motoci suka ga riba tana cikin girman tanki. Daga lita 33,000 aka koma 45,000, aka kai 60,000, sau da yawa a tankunan da masu walda suka ƙera a gida. Bayan Dikko, hukumar NMDPRA mai kula da rarraba mai ta hana loda wa tanka mai lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris ɗin 2025, ta kuma ce za a sauko da iyakar zuwa 45,000. An yi abin da ya dace. Amma ko lita 45,000 na fetur nauyinsu ya haura tan 33, na gas kuwa ya kusa tan 38. A haɗa da kan mota da tankin kansa, abin da ke bin bayan ɗan adaidaita sahu a gadar Hotoro ya kai tan 50.

Abin da katin ya shaida

A takarda, hanyar samun lasisin tuƙi a Najeriya ba ta da laifi. Hukumomi uku ne ke da hannu a ciki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke riƙe da rumbun bayanai da buga kati. Jami'an VIO na jiha su ke gwajin tuƙi. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ita ke karɓar kuɗi. Sabon mai nema sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita kafin a tura shi gwaji, mai son lasisin haya kuma sai ya cika shekara 26 ya kawo shaidar lafiya daga asibiti. Lasisin aji-aji ne: A na babur, B na ƙananan motoci, F na tarakta da injinan noma, H na katafila da danginta, G kuma na motocin da kai daban jiki daban, wato tirela da tanka.

A nan gizo ke saƙar. Ajin G siffar mota yake dubawa, kayan da ke cikinta ba ruwansa. Mai jan buhunan masara daga Dawanau da mai jan fetur daga Apapa kati iri ɗaya ne a aljihunsu. Babu wani harafi a jikin katin da ke nuna an taɓa tambayar mutum yadda mai ke motsi a cikin tanki, ko nisan da ya kamata ya kori jama'a idan ya zube. Ga kuma abin da kowa a tasha ya sani, cewa ana iya ba wani kuɗi ya kawo maka kati har gida ba ka taɓa zama kusa da jami'in gwaji ba. FRSC da kanta ta sha yin gargaɗi a kan katunan bogi da masu shiga tsakani.

Makarantar da yawancin direbobin tanka suka yi ita ce gefen maigida. Yaro ya shiga mota yana ɗan shekara goma sha, ya yi ta wanki da canjin taya da sa waji da gadin mota a Tafa ko Marabar Jos yayin da maigida ke barci. Bayan shekaru a bar shi ya gyara fakin, daga nan a ba shi sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya da tsakar dare. Bai kamata a raina wannan tarbiyya ba. Ita ta samar da dattawan da suka yi shekara 30 tsakanin Legas da Kano ba su taɓa kayar da mota ba, masu jin ciwon inji da kunne kafin bakanike ya buɗe shi, masu sanin kowane rami tsakanin Jebba da Mokwa. Illarta ɗaya ce: abin da maigida ya sani shi yaro zai sani, kuskuren da maigida ya saba da shi ma yaro zai gada, kuma babu wani na uku da zai tantance kafin a damƙa masa tan 50.

Halin mai a cikin tanki

Duk wanda ya taɓa ɗauko daron ruwa a ka ya san darasin farko. Cikakken daro ya fi nauyi amma ya fi zama lafiya. Wanda ruwansa ke rabi kuwa, da ka ɗan yi tuntuɓe ruwan zai yi gefe ya ja ka da shi.

Haka mai yake yi a bayan direba. Idan ya taka birki, motar ta rage gudu amma man bai rage ba. Zai taho gaba ya daki bangon tanki, ya koma baya, ya sake dawowa. Tankar da ta riga ta tsaya cak a danja tana iya zabura gaba ta hau motar da ke gabanta, direba yana rantsuwa ƙafarsa na kan birki. Shi ya sa ƙwararru ke fara rage gudu tun daga nesa, su taka a hankali, su kuma ci gaba da danne birkin bayan tsayawa har man ya lafa. Masu ƙera tanki na sa allunan ƙarfe masu huda a ciki don karya ƙarfin wannan tunkuɗa, suna kuma raba tankin ɗaki-ɗaki. Amma allunan motsin gaba da baya suke ragewa. Motsin hagu da dama, wanda shi ke kifar da mota, kusan ba sa taɓa shi.

Nauyin tanka a sama yake, nesa da ƙasa. Ƙaramar mota idan ta shiga kwana da gudu tayoyinta ne za su zame kafin ta kife. Tanka mai lodi kafin ta zame ta riga ta ɗaga ƙafa, kuma tayoyin baya na jiki ne ke fara tashi, inda direba ba ya jin komai a kujerarsa sai bayan aikin gama ya gama. Gudun da ƙaramar mota za ta sha kwana da shi lafiya lau ya isa ya kwantar da tanka. Dokar hanya ta Najeriya ta san da haka, shi ya sa ta ƙayyade wa tanka da tirela kilomita 45 a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da daddare ya san tankoki nawa ne ke tafiya a kan 60.

A hanyoyinmu akwai wani tarko da ya fi kwana haɗari, wato bakin kwalta. Ruwan sama ya cinye gefen hanya ya bar gaɓa, direba ya kauce wa rami ko mota mai tahowa, tayoyin dama su faɗa ƙasa. Abin da jiki ke umartar mutum ya yi shi ne ya fizgo sitiyari ya dawo kan kwalta nan take. A lokacin man ya riga ya tattaru a dama, fizgar za ta watsa shi hagu da dukkan nauyinsa, motar ta kwanta. Abin da ake koyarwa akasin haka ne: a riƙe sitiyari a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar motar ta rage gudu a gefen, sannan a lallaɓo ta a hankali. Wannan ilimi ba ya zuwa da kansa, sai an faɗa wa mutum, an kuma sa shi ya gwada. Binciken da hukumar kula da lafiyar manyan motoci ta Amurka ta sa aka yi ya gano cewa wajen kashi uku cikin huɗu na kifewar tankoki akwai kuskuren direba a ciki, kuma da yawansu a miƙaƙƙiyar hanya suka faru. A ƙasar da hanyoyinta ke da kyau ke nan.

Akwai kuma lissafin da direban cikin gari ke buƙata fiye da na doguwar hanya. Motar da ta sauke ɗaki ɗaya a wani gidan mai a titin Haɗeja za ta tafi da ragowar zuwa wani a Tarauni, to halinta ya canja. Nauyi ya koma gaba ko baya gwargwadon ɗakin da aka sauke, kuma idan an bar ɗaki a rabi an ba man filin gudu. Haka nan ba a cika tanki fal, domin mai yana kumbura da zafi. Fetur lita 45,000 da aka loda da sanyin safiya, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 10, zai nemi gurbin ƙarin lita fiye da 400. Idan babu gurbin, ta murfi zai fito.

“Birki ya shanye”

Wannan ita ce jimlar da aka fi ji bayan haɗarin babbar mota, ana faɗinta kamar abin da ya faɗo daga sama. Mako ɗaya bayan Dikko, ranar 25 ga Janairun 2025, wata tankar fetur ta sauko gangaren Ugwu Onyeama kusa da Inugu babu birki, ta afka wa motocin da ke gabanta, aƙalla mutum 18 suka ƙone. A Felele da ke Lokoja ma, cikin Satumban 2020, haka aka yi asarar fiye da mutum 20, har da ɗalibai.

Birkin babbar mota da iska yake aiki, kuma yana ba da sanarwa kafin ya ci amana. Direban da ya san aikinsa ba ya tashi da safe sai ya bar iska ta taru ya dubi agogonta, ya kashe inji ya taka ya saurari ko akwai inda take fita, ya zubar da ruwan da ya taru a tankunan iskar, ya leƙa robobin da ke haɗa kai da jiki. Aikin 'yan mintoci ne. Ko da lafiyayyen birki ne, iskar na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa kafin ta isa ƙafafun baya. A gudun kilomita 60 mota na cin mita 17 a kowace daƙiƙa. Tsakanin ganin haɗari da ɗaga ƙafa da kamawar birki, tanka ta riga ta shafe mita 30 ko fiye ba ta fara rage gudu ba. Idan gudu ya ninka, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa. Littafin jarrabawar direbobin manyan motoci na Amurka ya nemi mota mai tsawon tanka ta bar tazarar daƙiƙa 6 zuwa 7 tsakaninta da ta gabanta.

A gangara kuwa, irin Hawan Kibo a hanyar Jos, yawancin abin da ake kira shanyewar birki ƙonewa ce. Direba ya sauko da babbar giya yana ta danna birki, ƙarfen ya yi zafi har ya daina kamawa. Ƙa'idar ita ce a saka ƙaramar giya tun kafin a fara gangarowa, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Abin da ya fi wannan muni shi ne sa mota a firi don a rage shan gas. A wurare da dama ana auna wa direba gas ɗin tafiya ne, abin da ya yi saura nasa ne, abin da ya gaza daga aljihunsa. Tsarin da ke saka wa mutum da kuɗi idan ya saki tan 50 a gangara babu giya, mai motar da ya tsara shi yana da kaso a duk ran da aka rasa.

Barci

Direban da ya yi kwanaki yana layi a defo, yana kwana a ƙarƙashin mota cikin sauro, da an loda masa ake son ya kama hanya, waya na ta ƙara daga mai kaya. FRSC na shawartar direba ya huta bayan kowace awa 4, amma wuraren da tanka za ta tsaya cikin aminci kaɗan ne, ga tsoron 'yan fashi da masu garkuwa a wasu sassan hanyar. Sai a koma ga goro da shayi mai kauri, wasu su zarce ga gadagi da tiramol. Ƙwaya na buɗe ido ne kawai, ƙwaƙwalwa kuwa sai ta karɓi bashinta. Gyangyaɗin daƙiƙa 3 a gudun kilomita 60 tafiyar mita 50 ce babu direba.

Bayan mota ta faɗi

A wannan gaɓar direban tanka ya fi bambanta da kowane direba, kuma ita ce gaɓar da lasisinmu ya fi yin shiru a kanta.

Ruwan fetur ba shi ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Fetur na fitar da tururi mai kama wuta ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Kano. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama ya baje. Yana bin ƙasa, ya gangara kwata da rami da ƙarƙashin rumfuna, ya yi nisa ba a ganinsa. Idan ya kai kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa: salansar babur, bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, murhun mai shayi, janareta. Wutar kuma ta biyo tururin baya har zuwa tanki. Mutumin da ke tsaye nesa yana kallo, wanda bai taɓa ko digo ba, yana cikin haɗari ɗaya da mai jarka.

Kano ta ga haka da idonta. A watan Mayun 2021 wata tanka na sauke mai a wani gidan mai a Sharaɗa wuta ta tashi, fiye da mutum 60 suka jikkata, cikinsu har da jami'an kashe gobara da waɗanda suka taru a wurin. A Yamai, babban birnin Nijar, tankar da ta kife kusa da filin jirgin sama a daren 5 ga Mayun 2019 ta hallaka aƙalla mutum 55 nan take. Shi ya sa sauke mai ke da nasa ladubba: a kashe inji, a sa waji, a ɗaura wayar da ke kai lantarkin gogayya ƙasa kafin a buɗe komai, a ajiye tukunyar kashe wuta kusa, a tsayar da sayar da mai, direba kuma kada ya gusa daga bakin bawul har a gama.

Idan mota ta faɗi a hanya, mutum ɗaya ne a wurin da ya san ainihin abin da ke ciki da yawansa. Littafin agajin gaggawa da masu kashe gobara ke amfani da shi a Amurka da Kanada ya ce a irin wannan mai a fara killace mita 50 ta kowane ɓangare, idan zubar mai yawa ce a kwashe mutane har mita 300 ta inda iska ke kaɗawa, idan tankin ya kama wuta a ja baya mita 800. Direban da ya san wannan, idan Allah Ya sa ya fita da ƙafarsa, zai kashe inji ya katse batir, ya tura yaronsa ya tare hanya daga nesa, ya kira 122 na FRSC ko 112, ya nemi mai unguwa da limami su yi shela a kashe wuta a ja da baya. Kuma ba zai yarda a kawo janareta a juye mai ba sai masu kayan aikin sun iso. Gaskiya ne mutum ɗaya ba zai iya tare gari guda ba, 'yan sanda ma sun gaza a Majiya. Gaskiya ne kuma direbobi da dama na gudu ne don tsoron dukan jama'a. Amma mintocin farko, kafin labari ya zaga gari, a hannunsa suke.

Alƙawarin da aka riga aka ɗauka

Wasu ƙasashe sun daɗe da raba direban tanka da sauran direbobi. A Amurka, tun bayan dokar 1986, mai lasisin manyan motoci sai ya ci jarrabawa ta daban kafin a buga masa harafin N na tanka, da wata kafin a ba shi H na kaya masu haɗari. Mai jan fetur sai ya haɗa biyun. A Turai yarjejeniyar ADR ta 1957 ta wajabta wa direban kaya masu haɗari kwas da jarrabawa, da ƙarin kwas na musamman ga mai tanka, kuma takardar shekara 5 take yi a sake komawa aji. Najeriya ta shiga wannan yarjejeniya a 2018. Abin da ake nema ke nan bai wuce cika alƙawarin da ƙasar ta riga ta sa wa hannu ba.

Kuma ba daga fari za a fara ba. FRSC na da jami'ai a defo-defo da ke duba lafiyar tanka kafin a loda mata, ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu tun Fabrairun 2017, ta kuma matsa a kan bawul ɗin da ke hana mai zuba idan mota ta kife. Hukumar NMDPRA na da horon kariya da ta wajabta wa ma'aikatan sashen rarraba mai. Reshen direbobin tanka na ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG na shirya wa mambobinsa bita, manyan kamfanoni na horar da nasu. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, tana nan Zariya tun 1986, ƙasa da tafiyar awa 3 daga Kano. Matsalar ita ce duk waɗannan a warwatse suke, kuma babu ɗayansu da ya hau kan katin da jami'i ke karɓa ya duba a bakin hanya. Direban babban kamfani na iya samun horo sau biyu a shekara, na mai mota ɗaya ko biyu kuwa ya yi ritaya bai taɓa shiga aji ba, alhali hanya ɗaya suke bi, ta gaban makarantu da kasuwanni ɗaya.

Hujjar da za a kawo ita ce yawancin direbobin ba su yi boko mai zurfi ba, jarrabawa za ta raba su da abincinsu. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma amsarta na cikin yadda za a tsara gwajin. Ba Turanci ake son aunawa ba. A yi shi da Hausa, da baki, a gaban mota: nuna yadda kake gwada iska, faɗi abin da za ka yi idan tayar dama ta sauka daga kwalta, wane ɗaki za ka fara saukewa, mita nawa za ka kori mutane. Dattawan direbobi da suka yi shekaru babu haɗari su ya kamata su zama malamai da alƙalan gwajin, a biya su a kan haka. Kuɗin horon kuma ya hau kan masu motoci da 'yan kasuwar mai, domin wanda ya iya sayen tanka ba zai gaza kuɗin kwas na mako ɗaya ba.

Ƙara aji ko harafi a kan lasisi aikin Abuja ne. Amma gwajin tuƙi a hannun VIO na jiha yake, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA da aka kafa a 2012 ta jiha ce, hukumar kashe gobara ma haka. Gwamnatin Kano na iya zama da ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da ta 'yan kasuwar mai ta IPMAN da shugabannin direbobin tanka ta shimfiɗa gwajin tanka na musamman ga duk mai neman ajin G da nufin jan mai, ta ware sa'o'in da tanka za ta shiga unguwanni ta sauke kaya, ta samar da filin da direba zai ajiye mota ya yi barci kafin ya kama hanyar Haɗeja ko ta Katsina. Majalisar dokokin jiha ta ɗauki maganar tun yanzu, kada a jira sai an sake kafa kwamitin ƙirga gawa.